"Allurar nan ba ta karɓe ni": me fata ke yi bayan allurar kashe wuri

Satin da ya wuce Baffana, ƙanen mahaifina da ke sayar da albasa a Mile 12, ya yanke a tafin hannu da wuƙar farke buhu, yanka mai zurfi, yaran rumfarsa suka sa shi a keke zuwa wani asibitin kuɗi da ke kusa. Da aka zo ɗinki nas ta zuƙo allurar kashe wuri, sai ya janye hannu ya ce a'a, shi wannan allurar ba ta karɓe shi, alaji gare shi. Haka aka yi masa ɗinki bakwai a ɗanye, dattijo mai shekara sittin da wani abu yana cije haƙori gumi na zuba. Da dare na je duba shi a Agege na ce Baffa, wai me ya taɓa faruwa har ka san ba ta karɓe ka? Ya ce shekarun baya ya je cire haƙori, ana soka masa allura a dasashi ya ji zuciyarsa na dukan uku-uku, gumi ya karyo, duhu ya rufe masa ido, sai farkawa ya yi ya ga ana masa fifita. Na ce jikinka ya yi borin jini? Ya ce a'a. Leɓe ko fatar ido ta kumbura? A'a. Numfashi ya sarƙe? A'a, ya ce ko rabin awa bai yi ba ya tashi ya hau danfo ya koma kasuwa. Na ce ka karya kafin ka je? Ya ce ai ka san ni ba na cin komai sai azahar.

Wallahi abin ya tsaya min a rai, don na yi shekaru ina aiki a ɗakin ɗinki da wankin ciwo a Legas ɗin nan, kuma irin wannan maganar na ji ta ba adadi. Abin da ya samu Baffa ya fi kama da suma irin ta tsoro da yunwa, haɗe da aikin adirenalin da ake gaurayawa a allurar haƙori, wanda shi dama sa zuciya gudu ne aikinsa. Amma wani ya ce masa "alaji ne", kalmar ta manne masa, ga shi ta ja masa ɗinki a ɗanye.

Alajin gaskiya ga waɗannan allurai akwai shi, kar wani ya ce na ce babu. Sai dai yana da wuya ƙwarai, abin da likitocin alaji suka daɗe suna faɗa shi ne cikin duk matsalolin da ake kai rahoto bayan allurar kashe wuri, wanda ya tabbata alaji ne na garkuwar jiki bai kai 1 cikin 100 ba. Sauran duk wasu abubuwa ne da suka yi kama da shi, wasu ba komai, wasu kuma sun fi shi haɗari. Shi ya sa nake so mu warware abin zare-zare.

Magungunan nan gida biyu ne. Asalinsu koken ne, eh wannan dai hodar da aka sani, wani likitan ido a Biyana mai suna Karl Koller ya fara ɗiga ta a ido don yin aiki a 1884. Da aka ga illarta sai Alfred Einhorn a Jamus ya haɗa furoken wajen 1905, wadda aka sayar da sunan Novocain. Wannan shi ne tsohon gida, ana ce masa gidan esta, a cikinsa akwai furoken da benzoken da tetaraken. Sai a 1943 Nils Löfgren a Suwidin ya haɗa lidoken, wadda aka fi sani da Xylocaine, ita ta buɗe sabon gida, gidan amayid, ita da bufibaken da firiloken da atiken. Kusan duk allurar da za a yi maka yau a Legas don ɗinki ko cire haƙori ko farke maruru ko kaciya, lidoken ce, ta bayan mai haihuwa da za a yi wa siyes, wato tiyatar ciro jariri, kuma yawanci bufibaken ce.

Bambancin gidajen yana da amfani sosai. 'Yan gidan esta a cikin jini ake farfasa su, kuma idan sun farfashe suna barin wani sinadari da ake kira PABA, shi ne garkuwar jikin wasu mutane ke gani ta ɗauka maƙiyi ne. 'Yan gidan amayid galibi hanta ce ke sarrafa su kuma ba sa barin wannan sinadarin, shi ya sa alajinsu ya fi ƙaranci nesa ba kusa ba. Wanda esta guda ta tayar masa, akwai yiwuwar sauran 'yan uwanta su tayar masa, amma galibi yana iya karɓar amayid lafiya lau. Akwai dabarar da ake koya wa ɗalibai, ka duba sunan yadda aka rubuta a jikin kwalba, idan akwai harafin i kafin ka kai ga caine na ƙarshe kamar lidocaine ko bupivacaine to amayid ce, idan babu kamar benzocaine ko procaine to esta ce.

To yanzu fatar kanta. Abu na farko da nake tambaya kullum shi ne yaushe, kafin ma in tambayi mene ne, domin lokaci shi ke raba nau'o'in alajin.

Akwai na nan take. Cikin mintuna, da wuya ya wuce awa ɗaya, sai borin jini ya feso, rudu-rudu masu ƙaiƙayi, ba a wurin allurar kaɗai ba, har wuya da ƙirji da baya da cinya, wani ya ɓace nan ya ɓullo can. Wani lokaci leɓe da fatar ido su kumbura suntum. Idan abin ya tsaya a fata, Piriton da sa ido na ɗan lokaci kan wadatar. Amma idan harshe ya fara nauyi, murya ta dishe, ƙirji na shewa kamar mai asma, ga jiri ga amai, to wannan shi ne babban alaji mai kisa, kuma maganinsa na farko allurar adirenalin ce a naman cinya, miligiram 0.5 ga babba, ba Piriton ba, ba man ja ba, ba madara ba. Na ga yadda mutanenmu ke ruga neman manja da madarar gwangwani a ɗura wa mutum, dan Allah wanda maƙogwaronsa ke kumbura ba a ɗura masa komai. Kuma ku tuna garin da muke, daga Agege zuwa Ikeja a go-silo zai iya cin awa guda, wannan shi ne babban dalilin da ya sa nake adawa da yin allurar kashe wuri a bayan kantar kemis ko a ɗakin mai kaciya da ba shi da adirenalin a ajiye. Lambar gaggawa ta jihar nan 767 ce ko 112, a ajiye ta a waya.

Wani abu da ba a cika faɗa mana ba, littattafan da aka koyar da mu da su fatar Bature suka zana, suna cewa wurin zai yi ja. A fatarmu sau da yawa ba za ka ga jan ba, sai dai wurin ya ƙara duhu ko ya yi kamar ruwan makuba, ko kuma launin bai canja ba sam sai ka shafa ka ji tudu da ɗumi. Don haka a duba da hannu, a duba cikin haske, kar a ce ai bai yi ja ba.

Sai na jinkiri, kuma wannan shi ya fi yawa cikin alajin gaskiya, shi ne kuma aka fi kuskurewa. Ba ya zuwa ranar, sai bayan kwana ɗaya zuwa uku, daidai wurin da maganin ya taɓa sai ya kumbura, ya yi ƙananan ƙuraje masu ruwa, ƙaiƙayi kamar ka cire fatar, daga baya ya bushe ya yi saɓa kamar kirci. Wasu ƙwayoyin garkuwa ne daban ke yin wannan, masu tafiyar hawainiya, shi ya sa yake daɗewa kafin ya fito kuma yake iya kai sati biyu kafin ya lafa. Saboda jinkirin nan mutum ba ya danganta shi da maganin, sai ya ce ciwon ne ya ruɓe, ya je kemis a ba shi Ampiclox, ko mafi muni ya ƙara shafa man nan da ya jawo abin don ya kashe ƙaiƙayin, ya ɗan ji sauƙi na awa biyu, gobe abin ya ninka. Ga yadda ake ɗan bambancewa, ciwon da ƙwayar cuta ta shiga zafi da zogi yake yi, da mugunya, wani lokaci da zazzaɓi, shi kuwa wannan ƙaiƙayi ne kan gaba, kuma iyakarsa tana bin sawun inda aka shafa kamar an zana da biro.

Kuma a nan ba allura ce babbar mai laifi ba, man shafawa ne. Benzoken na cikin waɗanda suka yi suna wajen wannan. Ku duba inda muke haɗuwa da su ba tare da mun sani ba, man basir da 'yan matsi da ake saya ba takardar likita, da yawansu akwai lidoken ko sinkoken a ciki, sai man ciwon haƙori da na gyambon baki, sai wasu alewoyin ciwon maƙogwaro, sai kuma wanda ba a son faɗa, feshi da mai na jinkirta kawowa da ake tallata wa maza a tasha da intanet, kusan dukkansu lidoken ce ko benzoken. Magidanci zai zo a kunyace da ƙuraje a gaba, hankalinsa ya tafi kan ciwon sanyi, ko matarsa ce ke fama da ƙaiƙayi da kumburi har zargi ya shiga tsakani, alhali feshin da ke ƙarƙashin filo ne. Na sha ganin an sha maganin sanyi zagaye uku kafin wani ya yi tambayar da ta dace, me kake shafawa. Wanda ya daɗe yana shafa irin waɗannan a fata mai rauni shi ne jikinsa ke koyon ƙin maganin, ranar da zai buƙaci allurar gaske sai wurin ya kumbura masa bayan kwana biyu.

Akwai wani nau'in da ba kasafai ake gani da waɗannan allurai ba amma an rubuta shi, wanda mu a Najeriya mun fi saninsa da Septrin da Fansidar, tabo zagayayye kamar kwabo da ke fitowa a leɓe ko hannu ko al'aura, ya yi zafi, wani lokaci ya yi bororo, ya warke ya bar baƙin tabo, duk ranar da aka sake maganin ya dawo daidai wurin nan dai. Idan kana da irin wannan tabon da ke farfaɗowa duk sanda ka je wurin likitan haƙori, ka faɗa masa, kuma ka lissafo har maganin zafi da aka ba ka bayan aikin, don su ma suna yin haka, sun ma fi yi.

Wanda ya kawo mu ga maganar da ta fi muhimmanci a wurina, sau da yawa ba ita allurar ba ce, 'yan rakiyarta ne. Babbar kwalbar lidoken da ake ta zuƙa daga ciki ana yi wa mutane da yawa tana ɗauke da sinadarin hana lalacewa, metilfaraben, wanda ya yi kama da PABA ɗin can. Wadda aka gauraya da adirenalin kuma akwai salfayit a ciki don kar adirenalin ya lalace, shi ma yana tayar wa wasu, musamman masu asma. Ga safar hannu ta roba da likita ya sa, ga ruwan goge fata, ayodin ko kuloheksidin wanda ke cikin Savlon, ga filasta, ga maganin kashe ƙwayoyin cuta da na zafi da aka ba ka a lokaci guda. Filasta kam ita ce ta fi yaudarar mutane, ka ɗaye ka ga ƙuraje murabba'i daidai girmanta, tsakiyar da aka soka allurar kuwa lafiya ƙalau. Haka matan da aka yi wa siyes da allurar baya, da yawa sukan yi ta sosa hanci da fuska da ƙirji ba tare da ƙurji ko ɗaya ba, wannan yawanci daga maganin zafi dangin mofin ne da ake haɗawa cikin allurar, ba alaji ba ne, kar ki je haihuwa ta gaba ki ce allurar baya ba ta karɓe ki, ki faɗi abin da ya faru kawai yadda ya faru.

Wasu canje-canjen kuma aikin maganin ne kawai. Wurin da aka yi allura mai adirenalin yakan yi fari-fari na ɗan lokaci don jijiyoyin jini sun tsuke, dama don haka aka sa shi, jini ya ragu kuma maganin ya daɗe. Man EMLA, wanda lidoken da firiloken ne kashi 2.5 cikin 100 kowanne, yakan sa fata ta koɗe sannan ta yi ja, a yara masu kirci har ɗige-ɗigen jini ƙanana yakan fito ƙarƙashin fata su ɓace da kansu. Ɗan kwanciyar jini inda allura ta taɓa jijiya shi ma ba komai.

Amma akwai canjin launi guda da ba na wasa ba. Benzoken da firiloken suna iya juya jini ya kasa sakin iskar da yake ɗauke da ita, sai mutum ya yi shuɗi-shuɗi ko toka-toka, a fatarmu sai ka duba leɓe da harshe da farce da tafin hannu. Jinin da aka ɗiba yakan fito kamar cakulan, na'urar auna iskar jini da ake maƙalawa a yatsa ta tsaya wajen 85 ko an sa iskar oksijin. Jarirai sun fi shiga wannan haɗarin, shi ya sa a 2018 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta ce kar a shafa wa yaro ƙasa da shekara 2 man dasashi mai benzoken don fitar haƙori. Iyaye mata ku duba abin da ake kawo muku na haƙoran yara, ku karanta jikinsa. Kuma maganin wannan matsala a asibiti, metilin bulu, yana da haɗari ga masu ƙarancin wani sinadari da ake kira G6PD a jini, abin da yake da yawa cikin mazan ƙasar nan, don haka wanda ya san yana da shi ya faɗa tun kafin a tambaye shi.

Bari in ɗan tsaya kan 'yan matanmu. Yanzu a Legas zanen gira na dindindin da jan leɓe da cire gashi sun zama ruwan dare, daga Ikeja har Lekki, kuma 'yan unguwanninmu ma suna zuwa, musamman amare. A shagon za a lafta man kashe zafi, wani ba lambar NAFDAC ba komai, rubutun jikinsa ma ba mai iya karantawa, a rufe da leda don ya ratsa. 'Yar maƙwabciyarmu a Idi-Araba haka ta yi ana saura kwana huɗu ɗaurin aure, ranar kamu gira da fatar ido sun kumbura suna tsattsafo ruwa, uwar ta kira ni tana kuka tana cewa Yaya zo ka gani ko baki ne ya kama ta. Alajin nan na jinkiri ne, ko daga man ko daga tawadar, kuma ta warke da man da likitan fata ya rubuta, sai dai duhun wurin ya yi watanni, don fatarmu idan ta yi kumburi takan bar tabo mai daɗewa. Nata ma da sauƙi tunda wurin ƙarami ne. Idan aka shafa a wuri mai faɗi kamar ƙafafu aka naɗe da leda, maganin na shiga jini da yawa, kuma a 2007 hukumar can ta Amurka ta yi gargaɗi bayan mata biyu sun rasu ta wannan hanyar kafin cire gashi da leza. Alamun yawan maganin a jini ba a fata suke ba, leɓe da harshe su yi dindiris, ɗanɗanon ƙarfe a baki, kunne na ƙara, magana ta karye, sai jijjiga, sai zuciya. Allura ma tana da iyaka gwargwadon nauyin mutum, lidoken zalla ba a wuce miligiram 4.5 a kowane kilo, wasu ma a 3 suke tsayawa, ka ga jaririn da za a yi wa kaciya abin da zai ɗauka ɗan mitsitsi ne, mai zuƙa da ƙiyasin ido zai iya zarcewa bai sani ba.

To wanda aka taɓa ce masa yana da alaji fa, ya zai yi? Ana gwadawa, ba dole ka zauna da zato ba har abada. A manyan asibitocin koyarwa kamar LUTH a Idi-Araba da LASUTH a Ikeja akwai likitocin fata da na sa barci, daga nan ake farawa. Ga na jinkiri ana manna ƙananan faci a baya masu ɗauke da sinadaran da ake zargi, a cire bayan awa 48, a sake dubawa bayan kwana ɗaya ko biyu. Ga na nan take ana ɗiga maganin a tsaga fata kaɗan, sannan a sa ɗan kaɗan cikin fata, sannan a yi ta ƙarawa a hankali ƙarƙashin fata ana kallo, da kayan ceto a gefe, kuma da maganin da ba shi da 'yan rakiya. Mafi yawan waɗanda aka yi wa haka sukan tashi lafiya, wanda kuma abin ya tabbata a kansa a nemo masa wata daga ɗaya gidan. Wannan ba gwajin gida ba ne, kar kowa ya ce bari ya ɗan gwada a kemis ya gani.

Abin da zai taimaki likitan ranar nan kuwa a hannunka yake tun ranar da abin ya faru. Ka roƙi nas ta rubuta maka sunan maganin, ko ka ɗauki hoton kwalbar, da adirenalin ko babu, ka ɗauki hoton fatar cikin hasken rana don kafin ka samu ganin likita ta baje, ka riƙe ƙarfe nawa aka yi ƙarfe nawa ya fito, da duk abin da aka shafa ko aka manna ko ka haɗiya ranar. NAFDAC ma tana karɓar rahoton illar magani, akwai fom mai ruwan ɗorawa a asibitoci da manhajar Med Safety a waya, ta haka ake gano man da ke cutar mutane a kasuwa.

Baffa dai na zauna na yi masa wannan bayanin da Hausar da zai gane, ya ce to ɗana, ni dai abin da aka faɗa min na riƙe. Jibi za a cire zaren, kuma akwai turmin haƙori guda da ya shekara biyu yana jinya da kanumfari saboda tsoron allurar. Na karɓar masa kati, ranar Talata zan raka shi da kaina mu fara ganin likita a ba shi labarin yadda aka yi, na kuma ce wa Inna ta tabbata ya sha koko da ƙosai kafin mu fita.